Kira Biyu Bayan La'asar

Da za a rushe lungunmu na Sa'alaba a nan Jidda mu dawo wannan benen na Waziriyya, abu ɗaya na kafe a kai, wato lambar wayar gidanmu. Kayan ɗaki na bar wa yara, wanda suka ga dama su ɗauka, wanda suka ga dama su bayar. Har tsohuwar tukunyar Inna da na daɗe ina adanawa, da aka ce ba ta da wurin zama a sabon kicin, ban ja ba. Amma da aka zo kan waya sai na haye katifar da ake shirin naɗewa na zauna daram. Kowa a gidan ya san dalili. Yayata da ke Nijeriya ba ta san wata lamba a duniya ba sai wannan, kuma da wannan lambar nake sanin tana raye. Ɗana, na fari ne, don haka ba za ku ji sunansa a bakina ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana share gumi.

"Ummi, sabon ginin ba a ja masa irin wannan layin ba," in ji shi. "Ko wurin jona ta babu a bango. Halas, zamaninta ya wuce."

Na ce, "To ni ma nawa ya wuce. Ka bar ni a nan, in masu rusau sun zo su haɗa da ni."

Ya yi dariya ya fita, ya yi 'yan tambaye-tambayensa, da yamma ya dawo ya ce an samu hanya. Lambar za ta bi mu, sai dai yanzu ta intanet za ta riƙa shigowa, ta wani farin akwati mai 'yan fitilu da za a kafa a falo. Ya yi mini dogon bayani, rabi Hausa rabi Larabci, ni kuwa tun da na ji "lambar za ta bi mu" na daina saurare. Wannan rashin sauraren ya dawo mini daga baya, amma bari in ɗauko zancen daga farko.

Wayar ta shigo gidanmu ina 'yar yarinya. Kafilin Baba, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar, wani Balarabe mai shagon kayan yaji, shi ya tsaya aka ja mana ita don ya riƙa samun Baba idan kaya sun iso tashar jirgin ruwa. Ruwan toka ce, mai nauyi, in ta faɗo maka a ƙafa sai ka kwana biyu kana ɗingishi. Tana da faifan lambobi da ake juyawa da yatsa, ya koma da kansa a hankali yana 'yar ƙara, kuma Baba ya sa wa faifan ɗan kwaɗo, mabuɗin yana aljihunsa. Inna ta saƙa mata ƙyalle na musamman. Kowace safiya, bayan na sayo gurasar tamis da wake a bakin titi, aikina ne in ɗaga ƙyallen in goge ta, in kuma tabbatar kanta ya zauna daidai. Ita kaɗai ce waya a lungun, saboda haka rabin kiran ba namu ba ne. Sai ka ji Inna ta ce, "Maza ki kira matar tela, ki ce ɗan'uwanta ne daga Madina," in kwasa da gudu ba takalmi, in bi ta gaban masu turo ruwa, in tsallake kwata, ina kwala kira tun daga nesa. Matar ta fito tana gyara mayafi tana salati, don a lokacin ba a kiran mutum a waya haka kawai. Idan wata ta samu wuri ta fara zuba labari, Inna ba ta kunyar kowa. Takan ce, "Faɗi ki ajiye, wani yana hanya." Ƙarar wayar nan kuwa gida uku ake jin ta. Yanzu kowa aljihunsa na waƙa, mai ganga daban, mai tsuntsaye daban, har mutum ya rasa nasa ne ko na wanda ke kusa da shi. A da in ta yi ƙara, duk lungun sai ya yi tsit a ji wa aka kira.

Yaya ta girme ni sosai. A gida Nijeriya aka haife ta, a goye Inna ta shigo da ita ƙasar nan lokacin da suka zo aikin Hajji suka zauna. Ni aka haifa a Jidda, sunana ya shiga iƙamar Baba, wato takardar izinin zamansa, nata kuwa Baba ya yi ta fama bai shiga ba. Ita ta yi mini kitso, ita ta koya mini wanki, ita ke cinye mini duka idan na yi ɓarna. Da ta zama budurwa sai ta fara suyar ƙosai tare da wasu mata a gefen kasuwar Kurayyat. Wata safiya askarawa suka zo duba takardu, suka tafi da duk wadda ba ta da su. Kaskonta wata maƙwabciya ta kawo mana, man bai gama hucewa ba. Aka sa Yaya a jirgi zuwa ƙasar da ta bari a bayan Inna, ta je ta sauka wurin dangin Inna a wani gari kusa da Zariya, inda aka riƙa yi mata dariya wai Hausarta ta Larabawa ce.

An daɗe kafin mu ji muryarta. Wani attajiri a garin yana da waya a gidansa, shi ya tausaya mata ya bari ta kira. Inna ta ɗauka, ta ce "Na'am," daga nan ba wadda ta ƙara cewa komai, kuka kawai suke yi ta nan da can har layin ya yanke. Kiran ƙasar waje a wancan zamanin ba abin wasa ba ne, kuma Inna mace ce da ba ta son a ɗora wa mai alheri nauyi. Da Yaya ta sake samun kira, Inna ta haɗiye kukanta ta tsara mata yadda za a yi. Na ji da kunnena, ina tsaye riƙe da ƙyallen wayar.

"Saurara da kyau, 'yar nan. Duk Juma'a in kun sauko daga masallaci, ki buga. Ki bari ta yi ƙara sau biyu, ki ajiye. Mun ji, mun san kina lafiya, ba a caji bawan Allahn nan komai ba. In ba mu ɗauka ba, mu ma lafiya muke. In kin bar ta ta wuce biyu, to akwai magana, za mu ɗauka. In kuma kika ji mun ɗauka tun a ta farko, to maganar daga wajenmu take."

Shi ke nan dokar gidanmu ta kafu. Lokacin da suke saukowa daga Juma'a a can, mu a nan mun yi la'asar. Daga an sallame, ba mai taɓa wayar, ba mai kusantarta, ko kai ba a ɗagawa a ji ko tana aiki, kada Yaya ta bugo ta tarar da layi a cike. Maƙwabta ma sun sani, ba mai aiko da ɗan'uwansa ya kira a wannan lokacin. Inna takan shimfiɗa tabarma a gabanta, ta ɗauko shinkafar da za ta tsince, ta sa a kashe rediyo. Ni in zauna kusa da ita ina jin kukan hankaki a kan rufi da gurnanin na'urar sanyaya ɗaki ta maƙwabta. Can sai ka ji ƙirrr. Hannun Inna ya tsaya cak a cikin shinkafa. Ƙirrr. Sai shiru. Mukan ɗan jira, kowa ya riƙe numfashi, kada ta uku ta biyo. In ba ta biyo ba sai Inna ta ce "Alhamdu lillahi," ta ci gaba da tsinta, ta aike ni in ɗora shayi. Ban taɓa shan shayi mai daɗin na wannan lokacin ba.

Abin da ya sa na yarda da tsohuwar wayar nan har cikin raina, wata Juma'a ce da aka yi ruwan sama irin na Jidda, wanda ba ya zuwa sai ya zo da faɗa. Lungu ya cika, ruwa ya shigo tsakar gida, aka ɗauke wuta tun hantsi. Firji ya mutu, fanka ta tsaya, muna ta kwarfe ruwa da kwanuka. Na ce wa Inna yau kam sai haƙuri. Ba ta kula ni ba, ta ɗora wayar a kan kujera don kada ruwa ya taɓa ta, ta tsaya a gefe da zani a jiƙe. Bayan la'asar, cikin wannan duhun hadari, ta yi ƙararta biyu kamar ba abin da ya faru. Ashe wutarta daban take, ta cikin igiyarta take zuwa, ba ruwanta da ta gida. Inna ta dube ni ta ce, "Kin gani ko, uwar gaggawa?"

Ƙara ta wuce biyu a gidanmu, amma ba sau da yawa ba, kuma ba ta taɓa wucewa da alheri ba. Yaya ba ta ɓata kiran mutane a kan albishir. Aurenta da haihuwarta duk a bakin alhazai muka ji su, tare da ƙullin daddawa da kuka. Ranar da ta bar wayar ta yi ta ƙara, mijinta ne ya rasu. Wata ranar kuma ɗanta na biyu. Daga wajenmu kuwa, ni ce na fara ɗauka a ta farko. Inna ta rasu ranar Laraba, aka rasa yadda za a kai wa Yaya labari, don attajirin nan ya bar garin, ba mu san wayar wa take ara ba. Baba ya ce a jira Juma'a. Na zauna a kan tabarmar Inna, mata cike da gida ana zaman makoki, da wayar ta yi ƙirrr na miƙa hannu na ɗauka. Ban ce komai ba. Na ji numfashinta daga can, sannan ta ce, "Auta, Inna ce ko Baba?" A ranar na girma. Tun daga nan tabarmar ta zama tawa, kuma da na yi aure maigidana ya yarda muka zauna a gidan tare da Baba, don haka ban taɓa nisa da wayar ba.

Duniya ta canja, Yaya ba ta canja ba. Daga wayar attajiri ta koma wurin masu lema da ke hayar waya a bakin titi, daga nan ta koma aron salular duk wanda ta samu, yau ta mai shago, gobe ta matar liman. An saya mata tata har sau nawa, sai ta ba jikoki, wai ita ba ta iya ajiye abin da ke magana cikin ɗaki. Idonta ya yi rauni, amma lambar gidanmu tana kanta, faɗa take a danna mata. Mukan yi doguwar hira da Sallah, idan wani jikanta da ke aiki a birni ya je gida, har fuska mukan ga juna, ta ce na tsufa, in ce ta duba madubi. Amma wannan hira ce. Kiran Juma'a daban ne, shi ne numfashin da muke ji na juna.

Gaskiya sabuwar wayar ba ta yi mini laifi ba da farko. Ba ta da igiya, ina iya shiga kicin da ita. Murya tana fita tas, babu wannan shuuu ɗin da muka saba da shi kamar ana suya a cikin layi. Kiran Nijeriya ya zama abu mai sauƙi, ba sai an yi shawara da maigida ba. Wani lokaci dai magana takan makara, ka yi sallama sai ka gama gyara zama amsa ta iso, ku yi ta karo da juna kamar masu shiga ƙofa ɗaya. Idan yara sun taru a kan intanet ɗin da kallace-kallacensu, muryar mutum takan rarrabu kamar mai rawar sanyi. Duk na jure. Juma'ar farko a sabon gida ta yi ƙara biyu, ta biye ma haka, na ce to madalla, bature ya yi abin kirki.

Abin da ban jure ba shi ne jikokina. Bayan la'asar ranar Juma'a, lokacin da ubansu ke fita gaida surukansa, sai su baje a falo, kowa da abinsa a hannu, wannan harbe-harbe, wannan waƙa, wannan dariyar wasu mutane da ba mu sani ba. In ce a rage, a ce "Tayyib, Sitti," haka suke kiran kaka a nan, amma ba abin da ya ragu. Ni kuwa so nake gidan ya yi tsit yadda Inna take sa shi ya yi, su zauna kusa da ni su ji abin da na ji ina kamarsu. Na lura duk lokacin da ubansu ya fusata da su, wata baƙar igiya yake zarewa a bayan farin akwatin, nan take sai ka ga an ɗago kai ana kallon juna. Na ce ashe maganinku kusa yake. Juma'a na zuwa, ina sallame la'asar, na lallaɓa na zare ta. Fitilun suka mutu, falo ya yi shiru, na shimfiɗa tabarmata ina jin kaina wata gwana. Yaran suka yi ta gunaguni da Larabci, ba wanda ya kai ƙara wurin uban don sun san shi ma faɗa zai yi musu. Da aka kira magariba na mayar da igiyar.

Wayar ba ta yi ƙara ba a ranar. Na ce wataƙila ba ta samu aro ba, ko ruwa ya hana ta fita, ai an taɓa yi. Ban gaya wa kowa ba, don a gidanmu ba a furta abin da ake tsoro. Juma'a ta zagayo, na sake zare igiyar, har na kori yaran ɗaki don kada motsinsu ya hana ni ji. Na zauna ina kallon wayar har hasken taga ya yi ja. Ban taɓa ta ba, ai doka ce. Bayan magariba, da ɗana ya dawo, na ce masa a hankali, "Yaya ba ta kira ba." Ya ɗauki wayar ya kara a kunne, ya ce lafiyarta ƙalau, ga sautin layi nan. Ya nemi jikan nan na birni, wayarsa a kashe. Ya ce in kwantar da hankalina. Na ce to. Amma na fara tuna kitson da take yi mini, da yadda take danna kaina a cinyarta in na motsa. Na ji tsoro ƙwarai, irin tsoron da ban ji ba tun rasuwar Inna.

Ranar Lahadi da hantsi ina yankan albasa sai wayar ta yi ƙara. Ba mai kiran wannan lambar yanzu, kowa salula yake nema. Ta yi ta biyu, na tsaya da wuƙa a hannu. Ta yi ta uku. Ta yi ta huɗu. Na ajiye wuƙar na nufi falo. Na ce a raina wani aka ba lambar ya sanar da ni rasuwarta. Na ɗauka na yi shiru, yadda na yi a wancan karon.

"Wa ke nan?" in ji muryar. "Don Allah ko wane ne, ku gaya mini gaskiya. Ina Auta?"

"Yaya? Yaya, ke ce?"

Amsar ta makara kamar yadda ta saba, sai ga salati ya iso. "La ilaha illallahu! Auta, kina da rai? Ke wace irin yarinya ce? Juma'a biyu ina bugowa, ko ƙara ba ta yi, sai wata mata ta fito tana ce mini wai ba a samun lambar. Na ce an rushe unguwa, yanzu kuma lamba ta mutu, to mai lambar fa? Jiya har na sa an yi miki sadaka!"

"Ni ma ai na kusa sa a yi miki," na ce, ina kuka ina dariya. "Yaya, ba ki ji yadda na ji ba da ta wuce biyu."

"To ya zan yi? Na ce gara in karya dokar Inna in ji da kunnena."

Ɗana ya fito daga ɗaki yana tambayar lafiya. Da ya ji batun matar da ke cewa ba a samun lamba, kuma bayan la'asar kaɗai, sai ya dubi akwatin, ya dubi 'ya'yansa da suka leƙo, su kuma duk suka dube ni.

"Ummi," ya ce a hankali, "wa ke taɓa igiyar nan ranar Juma'a?"

Na ce, "Ni ce, don in ji wayar da kyau."

Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai, yana dariya har da hawaye. "Wallahi na gaya miki tun ranar farko, wayar a cikin akwatin nan take. In ya mutu, ta mutu. In an ɗauke wuta ma haka."

Yaya tana jin komai ta cikin wayar. Ta ce, "Ba shi wayar." Na miƙa masa. Ban ji abin da ta faɗa ba, na dai ji yana ta "To, Inna babba. In sha Allahu, Inna babba." Da ya dawo mini da ita ta ce, "Na ce ya ɗaure igiyar, ke kuma ya ɗaure miki hannu. Tun kina ƙarama ba kya jin magana sai rabi." Muka yi hira har mai shagon da ta ari wayarsa ya fara gyaran murya. Kafin ta ajiye ta ce, "Ranar Juma'a kada ki ɗauka."

Na ce, "Ba zan ɗauka ba, Yaya."

Washegari ɗana ya kawo wani batir mai kama da bulo ya jona wa akwatin, ya ce ko an ɗauke wuta zai riƙe shi har a dawo da ita. Ya kuma naɗe bakin igiyar da salatif, wai saboda ɓera. Na san ɓeran da yake nufi. Ban ce sabuwar wayar ta kai tsohuwar ba, don waccan ba ta taɓa neman batir ko lallashi ba, a cikin ruwa ma ta yi aikinta. Amma ta riƙe mini lambar Inna bayan bangon da aka kafa ta ya zama fili, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Jikoki sun ci nasara, intanet ɗinsu ba ya mutuwa ranar Juma'a. Sai dai tun daga ranar, in na shimfiɗa tabarma, da kansu suke rage sauti, wani lokaci ma ƙaramar takan zo ta zauna a gefena tana yi kamar ba jira take ba.

Na riga na gaya wa ɗana abin da zai yi in tawa ta riga ta Yaya. Kada ya aika saƙo ta wurin jikan birni, kada ya bari ta ji a bakin wani. Ya jira Juma'a, ya zauna a kan tabarmar nan, ya ɗauka tun a ta farko, za ta gane. Ya ce in daina irin wannan maganar, na ce ya dai riƙe.

Jiya Juma'a ce. Na yi la'asar, na ɗauko shinkafa ina tsinta, ko da yake ta yanzu ba ta da tsakuwa. Wayar ta yi ƙara, hannuna ya tsaya. Ta sake yi. Muka jira, ni da ƙaramar, ta uku ba ta zo ba. Na ce mata ta tashi ta ɗora mana shayi.